Faɗin Taku a Keke: Yadda Ake Auna Tazarar Feda da Rula da Waya Kafin a Sayi Sabon Hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kekunan da aka jingine a zaure da bayan rumbu suka fara fitowa fili. A Tsiga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bakori, saurayin da a da sai babur yake kai shi gona, yanzu ya kakkaɓe tsohon Phoenix ɗin babansa, ko ya shiga Funtua ya sayo keken gwanjo mai giya. Keken da yake ɗaukar buhun taki da damina, ya ɗauki masara da waken suya da kaka, dole wani abu ya gaji a jikinsa. Cikin abubuwan da suke saurin gajiya akwai hannun feda, wato ƙarfen nan da ya tashi daga tsakiyar keke ya riƙe feda. Ko dai ya lanƙwashe bayan faɗuwa, ko raminsa ya cinye ya fara rawa.

Abin da aka saba yi shi ne a kai wa mai gyara, ya duba cikin kayansa, ya ɗauko wanda ya shiga ya ɗaura. Keke ya tashi, an biya kuɗi, kowa ya kama gabansa. Sai bayan mako biyu mai keken ya ji gwiwa ɗaya tana damunsa in ya yi tafiya mai nisa, ko ya ji hannun yana bugun firam, ƙwas, duk zagaye. Yawanci a ɗora laifin a kan sanyi ko gajiyar noma. Amma wani lokaci laifin na wani awo ne da ba a cika kula da shi ba: nisan da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu idan mutum yana tuƙi.

Awo biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne mutane suke rikicewa, har a shafukan masu sayar da kaya. Awo na farko na ƙarfen ne kawai: daga fuskar waje ta hannun dama, daidai inda feda take shiga, zuwa fuskar waje ta hannun hagu. A nan za a kira shi tazarar hannu. Sunan da ake rubuta masa a takardun kamfanoni da intanet shi ne Q-factor, kuma da shi ake bincike in ana neman bayanin wani hannu. Ana danganta sunan da wani Ba'amurke mai tsara kekuna, Grant Petersen, lokacin da yake aiki da kamfanin Bridgestone. Harafin Q ɗin daga kukan agwagwa aka ɗauko shi, don tsokanar mai keken da ƙafafunsa suka buɗe kamar tafiyar agwagwa.

Awo na biyu shi ne faɗin taku: daga tsakiyar inda ƙafar dama take zama zuwa tsakiyar inda ta hagu take zama. Wannan shi ne wanda gwiwa take ji. Lissafinsa kuwa ba wuya. A ɗauki tazarar hannu, a ƙara nisan da ke tsakanin fuskar hannu da tsakiyar fedar dama, a sake ƙara na fedar hagu.

Don a samu abin kwatance: hannayen keken tsere na kamfanin Shimano suna kai wa milimita 146 zuwa 148. Na keken hawan dutse, irin wanda ya cika kasuwar gwanjo, suna kai wa wajen 168 zuwa 176. Kekuna masu ƙatuwar taya, waɗanda aka yi don rairayi da ƙanƙara, suna wuce 200. Dalilin bambancin taya ce. In taya ta yi kauri, ƙarafan firam da suka rungume ta ta baya sai sun buɗe, in sun buɗe kuma hannun feda sai ya matsa waje don kada ya buge su. In kuma aka jera farantin kaca uku a gaba, shi ma yana neman wurinsa.

Mutumin da yake tafiya a ƙasa, tsakanin sawun damansa da na hagunsa bai cika wuce santimita 10 ba. A kan keke kuwa faɗin taku yana kai wa santimita 25 zuwa 30. Ke nan kowane keke yana buɗe ƙafafun mai shi fiye da yadda ya saba. Tambayar ita ce buɗewar ta kai ina, kuma daidai take a ɓangarorin biyu ko kuwa.

Yadda ake aunawa ba tare da an kwance komai ba

Matsalar a fili take: hannayen biyu ba sa fuskantar wuri ɗaya. In na dama yana sama, na hagu yana ƙasa, don haka ba a iya shimfiɗa rula daga wannan zuwa wancan. A shagunan da suke da kayan aiki, akan cire hannun hagu a mayar da shi ya jeru da na dama, sannan a auna kai tsaye. Ga keken Tsiga wannan shawara ba ta da kyau. Tsofaffin Phoenix da Raleigh da Hero da Avon, hannunsu da ƙusa mai gefen shafe ake kulle shi, wadda ake dokawa da guduma sannan a ɗaure da noti. Duk fitar da ita yana iya lanƙwasa ta, dukan kuma yana sauka a kan boris. Babu dalilin jawo wa keke wannan wahala don awo kawai.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi amfani da bututun firam wanda sirdi yake shiga. Wannan bututu yana tsakiyar keke, kuma kowane hannu yana iya zuwa ya jeru da shi.

Da farko a kama hannun a girgiza shi gefe da gefe. In yana rawa, a ɗaure tsakiyar tukuna, domin awon abin da yake motsi ɓata lokaci ne. Sannan a juya hannun dama sama har ya jeru da bututun sirdi. A dafa bakin rula a jikin bututun, ta gefen da yake kusa da hannun, a karanta lambar da ta yi daidai da fuskar waje ta hannun, wurin da kafaɗar feda ta zauna. A rubuta. A juya hannun hagu zuwa wannan wurin, a koma ɗaya gefen keken, a yi haka. A rubuta. Abu na uku shi ne kaurin bututun kansa. Wanda ba shi da ma'aunin kauri, ya naɗa zare sau ɗaya a jikin bututun, ya auna tsawon zaren, ya raba da 3.14 a kwakuletar waya. In zaren ya ba da wajen milimita 90, kaurin bututun 28.6 ne, wanda shi ne na yawancin kekunan ƙarfe. In ya ba da 100, kaurin 31.8 ne. In ya ba da wajen 110, to 34.9 ne, kamar yadda ake gani a wasu firam ɗin alminiyam.

Sai a haɗa ukun. A ɗauka, misali, dama ta ba da 68, hagu ta ba da 66, bututu kuma 28.6. Tazarar hannu ta zama 162.6. In daga fuskar hannu zuwa tsakiyar feda milimita 60 ne a kowane gefe, faɗin taku ya zama 282.6.

Yanzu a ɗauki wani keken, na gwanjo mai giya. Dama 72, hagu 70, bututu 31.8, jimla 173.8. Wanda ya tsaya a nan zai ce wannan ya fi wancan buɗewa da fiye da santimita ɗaya. Amma in fedarsa ƙarama ce, tsakiyarta a milimita 55, faɗin takunsa 283.8 ne. Bambancin kekunan biyu a ƙafa bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Shi ya sa kwatanta keke da keke da tazarar hannu kaɗai yake yaudara, kuma shi ya sa canza feda kawai kan sauya yadda keke yake zauna wa mutum.

Akwai ƙananan kurakurai da suke ɓata wannan awo, kuma duk na kayan aiki ne. Rular makaranta tana da ɗan fili kafin sifili, milimita uku ko biyar. Wanda ya dafa bakinta a jikin bututu bai ƙara wannan filin ba, ya rage wa kowane gefe ke nan. Tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa, kuma yana lanƙwasa, gara na ƙarfe irin na kafinta. In rula ta karkace ko kaɗan, lambar za ta ƙaru. Don ganin daidai inda fuskar hannu ta faɗo a kan rula, a ɗora tsohon katin ATM a kwance a kan fuskar, bakinsa ya taɓa rular. A auna sau uku, a ɗauki na tsakiya.

Kada a yi saurin haɗa lambar dama da ta hagu a manta da su. Bambancinsu shi ne labarin da ya fi muhimmanci. Milimita biyu ko uku ba komai ba ne, wasu hannayen haka aka ƙera su. Amma in dama ta ba da 74 hagu ta ba da 62, akwai magana. Ko dai hannu ɗaya ya lanƙwashe, ko an haɗa hannun wani keke da na wani, ko sandar tsakiya ba ta wannan hannun ba ce. Tsofaffin sandunan tsakiya gefe ɗaya ya fi tsawo, kuma dogon gefen na wajen kaca ne. In an juya ta wajen haɗawa, farantin kaca zai matso har ya goge firam, hannun hagu kuma ya fita waje. Mai irin wannan keke zaune yake a karkace duk tsawon tafiyarsa, ƙafa ɗaya a kusa ɗaya a nesa, ba tare da ya sani ba.

Inda waya take taimako, da inda take yaudara

Abin da zai fara zuwa wa mai waya a rai shi ne ya ɗauki hoto da rula a gefe, ko ya buɗe manhajar awo mai amfani da kyamara, irin Measure da ke cikin iPhone da takwarorinta na Play Store. Waɗannan manhajoji suna da amfani wajen sanin ko katifa za ta shiga ɗaki. A aikin milimita kuwa ba a dogara da su. Suna kintatar nisa ne daga motsin kyamara da abin da suke gani a fili, kuma ƙarfe mai ƙyalli siriri yana cikin abubuwan da suka fi rikita su.

Hoto ma yana da tasa matsalar, kuma lissafi yana nuna ta. Abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. A ce waya tana nesa da rula da santimita 50, abin da ake aunawa kuma ya fi rular matsowa da santimita 5 kacal. Zai fito ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari, wato abu mai milimita 160 zai karanta kusan 178. Kuskuren ya fi bambancin da ake nema gaba ɗaya. In aka ja baya zuwa mita 3 aka jawo hoton, kuskuren zai ragu zuwa wajen milimita 3. Ya yi sauƙi, amma rular hannu ta fi shi har yanzu. In dole sai an tura wa wani hoto, misali mai sayarwa a Kano ko Kaduna ta WhatsApp, a sa katin ATM a layi ɗaya da abin da ake nunawa. Girman katin iri ɗaya ne a duniya, milimita 85.6 a tsawo da kusan 54 a faɗi, don haka ya zama ma'auni a cikin hoton.

Inda waya ta fi rula shi ne gano lanƙwasa. Kusan kowace waya tana da na'urar da take jin karkata, wadda take juya allo in an kwantar da wayar. Manhajojin auna daidaito, irin lebur ɗin magina, da ita suke aiki. A kafa keke ya tsaya cak, wani ya riƙe shi ko a ɗaure shi a jikin ginshiƙi. A kwantar da waya a kan feda, tsawonta ya bi tsawon sandar fedar, a karanta karkatar gefe. A yi haka sau huɗu: hannu yana sama, yana gaba, yana ƙasa, yana baya. Ba lallai lambar ta zama sifili ba, tunda keken kansa zai iya ɗan jingina. Abin dubawa shi ne ko tana canzawa. Lafiyayyen hannu da lafiyayyar feda za su ba da lamba kusan ɗaya a wurare huɗun. In a sama ta ba da digiri 1, a ƙasa ta ba da 5, akwai abin da ya lanƙwashe. Don a san ko hannun ne ko fedar, a ɗaura wata feda da aka san lafiyarta a sake gwajin. In lambobin suka daidaita, tsohuwar fedar ce mai laifi, kuma an tsira daga sayen hannu a banza.

Amfani na biyu shi ne bidiyo mai tafiyar hawainiya. A manna ɗan farin salatif a ƙoƙon gwiwa, wani kuma a kan takalmi daidai yatsa na biyu. Aboki ya durƙusa a gaba, waya a tsayin gwiwa, mai keke ya taho a miƙe a hanya mai laushi da irin ƙarfin da ya saba. Daga baya a tsayar da bidiyon lokacin da ƙafa take danna feda ƙasa, a ɗauki hoton allo, a ja layi daga alamar gwiwa zuwa ta takalmi. In layin ya sauka kusan a tsaye, taku ya dace da mai shi. In gwiwa tana faɗawa ciki ƙafa tana waje, takun ya yi masa faɗi. In gwiwa tana buɗewa waje kamar mai zaman tabarma, ko takun ya yi masa ƙunci, ko sirdi ya yi ƙasa, kuma na biyun ya fi yawa.

Kafin ma a kai ga bidiyo, keken da kansa yana ba da shaida. Fedar roba tana cinyewa a inda ƙafa take zama. In cinyewar tana can bakin waje, ƙafar tana neman ƙarin fili. In jikin hannun ya goge ya yi ƙyalli a inda idon sawu ko takalmi yake shafarsa, ƙafar tana neman matsowa ciki. Fedar da ba ta kulle takalmi tana da wannan alheri: ƙafa tana gyara wa kanta zama da santimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa mai Phoenix da silifas bai cika shiga matsalar da ɗan tsere mai takalmin kullewa yake shiga ba, sai in hannun ya lanƙwashe ko gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Ƙunci ya fi ko faɗi?

'Yan tsere sun daɗe suna son ƙunci. Wanda ya fi shahara a kan haka shi ne Graeme Obree, ɗan Sikotland, wanda ya ƙera kekensa da hannunsa, ya matse tsakiyarsa sosai don ƙafafunsa su kusanci juna, har ya sa boris ɗin injin wanki a ciki. A watan Yuli 1993, a garin Hamar na ƙasar Norway, ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin da Francesco Moser ya kafa tun 1984. Kwana shida kawai ya riƙe kambun kafin Chris Boardman ya ƙwace, amma labarin keken injin wanki ya fi na kambun daɗewa. Sai dai ba ƙuncin kaɗai ya ba shi gudun ba, yadda yake dunƙule jikinsa don kauce wa iska ya taka babbar rawa.

An kuma gwada abin a ɗakin bincike. A wani aiki na Disley da Li na Jami'ar Birmingham da aka wallafa a 2014, an sa masu keke sun tuƙa da tazarar hannu 90 da 120 da 150 da 180. Ƙananan biyun sun fi manyan biyun tattalin ƙarfi, amma da ɗan kaɗan, bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Wani binciken na Jami'ar Tennessee a Amurka, wanda ya fito a 2020, ya gwada 150 da 192 da 234, ya ga cewa nauyin da yake sauka a ɓangaren ciki na gwiwa yana ƙaruwa yayin da tazarar take ƙaruwa.

A lura da girman tsallen da aka yi a waɗannan gwaje-gwaje: milimita 30 a ɗaya, 42 a ɗayan. Ba su nuna cewa bambancin milimita 4 zai gyara ko ya ɓata gwiwar kowa ba. Kashi 2 cikin ɗari kuma abin nema ne ga mai neman kambu. Ga mai kai buhu kasuwar Bakori, iskar taya da man kaca sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Wanda aka ce ya zuba kuɗi a hannun tsere don kekensa ya ƙara gudu a hanyar gona, an sayar masa da abin da ba ya buƙata.

Kuma jiki ba ɗaya ba ne. Mai faɗin ƙugu, ko wanda yatsunsa suke kallon waje in ya tsaya, yakan fi jin daɗin taku mai faɗi. Gajere mai siririn ƙugu a kan keken hawan dutse mai fedoji manya shi ne wanda faɗi ya fi cuta. Yara 'yan makaranta da ake saya wa keken manya "don su girma a kai" suna cikin wannan rukuni. Aikin da keke yake yi ma yana da ta cewa. Wanda yake cusa buhu ko jarka a tsakiyar firam, dole gwiwoyinsa su buɗe su kewaye kayan, kuma ƙunci ba zai yi masa rana ba. Mai dogon wando ko kaftani yana son ɗan fili tsakanin ƙafarsa da kaca. A ɗaya ɓangaren, feda da ta fita waje sosai ta fi saurin dukan ƙasa a kwana, kuma a siririyar hanyar gona, tsakanin kunya da kunya ko cikin kwarin da tayar amalanke ta haƙa da damina, kowane santimita na gefe yana iya zama wanda zai kama kututture.

Abu ɗaya kuma kafin a zargi faɗin taku: sirdi. Yawancin ciwon gaban gwiwa a keke daga sirdin da ya yi ƙasa yake zuwa. Gwajinsa kyauta ne. A zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In gwiwa tana lanƙwashe a haka, a ɗaga sirdi. Kamar yadda mai gyaran manhaja yake canza layi ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na gaba, haka nan ma: a gyara sirdi, a yi mako ana hawa, sannan a taɓa feda. Wanda ya canza uku a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. Ciwon da ya zo da kumburi, ko wanda yake nan ko ba a hau keke ba, wannan na asibiti ne, ba na rula ba.

Wajen saye da canji

Ƙara faɗi ya fi ragewa sauƙi. Zoben wosha ɗaya tsakanin feda da hannu yana ƙara milimita ɗaya zuwa biyu. Fiye da biyu a gefe ɗaya yana rage tiredin da ya kama, kuma feda tana iya fincikewa a lokacin da aka taka da ƙarfi. Akwai ƙarafan ƙarin tsawo da ake sayarwa a intanet, yawancinsu milimita 20 kowane gefe, wato 40 gaba ɗaya. Wannan babban tsalle ne, kuma ƙarfe mara kyau a wannan wurin haɗari ne ga mai ɗaukar kaya. Feda mai faɗi ta fi su aminci.

Ragewa kuwa sai an shiga tsakiya. A kekuna masu sanda mai baki murabba'i, sandunan suna zuwa da tsawo daban-daban: 107, 110, 113, 118, 122.5, 127 da sauransu, kuma galibi a rubuce lambar take a jiki. In aka sauka daga 122.5 zuwa 113, tazarar hannu ta ragu da 9.5, kusan milimita 5 kowane gefe. Amma farantin kaca ma ya matso ciki da wannan 5 ɗin. Kafin a saya, a auna filin da ya rage tsakanin ƙarshen hannu da ƙarfen firam na baya, da kuma tsakanin farantin da firam. In bayan ragewa abin da zai saura bai kai milimita 4 ko 5 ba, a haƙura, domin firam yana ɗan lanƙwasa in an taka da nauyi, kuma filin da ake gani a tsaye ba shi ne na kan hanya ba. Sannan a duba faɗin gidan da sandar take zama, 68 ne ko 73, don kowanne da nasa.

Masu son mayar da tsohon Raleigh na Ingila zuwa hannun zamani su yi hattara. Tiredin gidan tsakiyarsa haƙori 26 ne a inci, na sauran kekuna kuwa 24. Sabon kofi zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. In aka sa ƙarfi, tiredin firam ɗin ne zai tafi, kuma firam ya fi hannu tsada. Haka ita ma feda tana da girma biyu: 9/16 na inci a yawancin kekuna, rabin inci a masu hannu guda da ya ratsa tsakiya, irin na wasu kekunan yara.

Masu tunanin sa wa keke injin lantarki su ma abin ya shafe su. Injin da yake zama a cikin taya ba ya taɓa faɗin taku. Wanda ake ɗaurawa a tsakiya, irin na Bafang, yana ƙara tazarar, kuma yakan tura hannun dama waje fiye da na hagu, har ana sayar da hannun hagu mai lanƙwasa don a daidaita. Awon dama da hagu daban-daban, kafin ɗaurawa da bayanta, shi zai nuna ko ana buƙatarsa.

Ga mai zuwa kasuwa, abin da ya kamata ya kasance a cikin wayarsa lambobi shida ne: awon dama, awon hagu, kaurin bututu, tsakiyar feda, filin da ke tsakanin hannu da firam, da tsawon hannun, wanda ake bugawa a bayansa, 165 ko 170 ko 175. Sai hoton tsakiyar keken daga kusa, don mai kaya ya ga ko mai ƙusa ne ko mai baki murabba'i. In zai yiwu a tafi da tsohon hannun a jaka, ya fi komai, a kwantar da shi a kan tebur kusa da sabon a ga wanda ya fi tasowa. A gaban mai gyara kuma ba sai an yi dogon bayani ba. "Malam, don Allah kafin a ɗaure, bari a gwada rula ta nan da ta can," ya isa, kuma minti biyu ne. In za a canza hannun hagu kaɗai, wanda shi ne ya fi yawan lalacewa, a tabbatar tsawonsa ɗaya da na dama. 170 a gefe ɗaya da 175 a ɗayan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Wanda kuma zai kwance feda da kansa a gida ya tuna cewa ta hagu a juye take: ana kwance ta ne ta hanyar da ake ɗaure sauran notuna.